Bakaniken da Ya Hana a Buga wa Injinsa Totur

Uzairu Bakanike shekararsa hamsin da bakwai, yana da mata ɗaya, 'ya'ya shida, da rumfar kwano a Kwanar Dangora, daidai inda hanyar Tudun Wada ta rabu da ta Zariya. Aikinsa gina injin mota, shi ke nan. Ba ya taɓa birki, ba ya taɓa waya, ba ya faci. Wanda ya kawo masa mota da matacciyar fitila, da haɓa zai nuna masa rumfar gaba.

A Kiru aka haife shi, gidan manoman dawa da albasa. Yana tasowa aka tura shi Riruwai wurin ƙanin babansa, lokacin da haƙar kuza take da rai, manyan motoci suna hawa da sauka tsakanin duwatsu. A can ya faɗa hannun wani bakanike mai suna Jibrin, mutum ne da zai yini bai yi magana goma ba. Da haƙar ta ja baya, gari ya yi sanyi, Jibrin ya tattara ya koma garinsu. Uzairu ya gangaro Kwanar Dangora da akwatin sifana da wata ɗabi'a guda da ya ɗauko a wurin maigidansa, wadda har yau ita take jawo masa suna, ita kuma take jawo masa zagi.

Ɗabi'ar ita ce: ba ya zaɓa wa injin kayan numfashi sai ya hau motar ya ga hanyar da take bi.

Kayan numfashi, a bakinsa, abu uku ne. Akwai bawul, ƙananan ƙofofin da ke cikin kan injin, waɗanda iska da fetur suke shiga ta cikinsu, hayaƙi ya fita. Akwai kamshaf, sandar ƙarfe mai tozaye a jere, wadda in ta juya take danna ƙofofin nan su buɗe. Siffar tozon ita ke yanke ko ƙofa za ta daɗe a buɗe ko za ta rufe da wuri. Sai manifol, maƙogwaron da ya taso daga kafireto, mahaɗar fetur da iska, ya kai iska cikin injin. Yawancin direbobi a yankin nan sun yi imani cewa girma shi ne ƙarfi: babban bawul, kamshaf mai dogon tozo, kafireto mai baki biyu. Uzairu ba ya musun cewa irin wannan haɗi yana gudu. Shi da kansa ya sha ɗaura shi a motocin haya masu bin Kano zuwa Zariya, wasunsu har yau ba a gane musu ƙeya a titi. Abin da yake cewa kawai, injin da aka yi wa faffaɗar ƙofa sai ya ɗauki wuta sosai yake cika ƙirjinsa. In yana tafiya a hankali da kaya a bayansa, iskar sai ta yi lalaci a hanya, ta shiga da rabi ta dawo da rabi. Yana kwatanta wa manoman rani da tiyon ban ruwa: bar bakinsa a buɗe, ruwan ya zube a ƙafarka, danne shi da babban yatsa, ya harba har ƙarshen fangali.

Don haka duk wanda ya zo neman ƙarfi, sai Uzairu ya wanke hannu da fetur, ya sa hula, ya buɗe ƙofar gaba ya zauna. Ya ce a je. Yana kallon ƙafar direba, yana kallon hannunsa a kan giya, yana sauraron inda injin yake nishi. Direbobi da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin raini. Wani ya taɓa ce masa, "Ni da na tsufa a kan sitiyari, kai za ka yi mini jarrabawa?" Uzairu ya ce ba shi yake jarrabawa ba, hanyar yake tambaya. Mutumin ya ja motarsa ya tafi, bai dawo ba. Irinsa suna da yawa. Uzairu bai taɓa bin ko ɗaya da ban haƙuri ba.

A ƙarshen daminar bana aka kawo masa motar da ba zai iya bari ta tafi ba.

Tsohuwar Fijo ce a-kori-kura, ta ƙanwarsa Zulaihat, wadda take zaune a Tudun Wada. Mijinta ya rasu ya bar mata motar da yara, kuma da ita gidan yake ci. Babban ɗanta Mujitaba, magidanci ne mai shekara talatin, shi yake tuƙa ta a layin ƙauyukan bayan Riruwai, inda ake noma masara a cikin kwari. Duk motar da ta yi lodi a kwarin nan dole ta fito ta wani hawa mai tsakuwa da lanƙwasa da ake kira Hawan Maje. Al'adar direbobin layin, in sun iso gindinsa sai su sauke rabin kaya, su hau da rabi, su dawo su kwashi sauran. Ran nan Mujitaba ya hau da rabin ma, injin ya gaji kusa da ƙarshe, ya mutu, motar ta silalo da baya da mata biyu a kan buhuna. Allah ya sa wani dutse ya tare tayar baya. Ba wanda ya ji ciwo, amma ihun matan ya riga motar isa tasha.

Shugaban tashar Tudun Wada, Alhaji Uba, dattijo ne da ya girmi Uzairu, tsohon direban tirela, kuma ba a san shi da zalunci ba. Ya cire motar daga layi, ya ce ba za ta sake lodi ba sai an gina injinta an kawo ya ji. Jin injin a tashar nan tsohuwar al'ada ce. Ana tsayar da mota a tsakiyar fili, direbobi su kewaye, Alhaji Uba ya shiga ya taka totur har ƙasa, ya saki, ya sake takawa. In kukan injin ya kai teburin mai shayi har ya sa shi ɗago kai, mota ta ci. In bai kai ba, a koma gareji.

Mujitaba bai tsaya wata-wata ba. Ya shiga Kano, Ƙofar Ruwa, ya dawo da kaya a ƙunshe cikin buhun siminti, ya zazzage su a kan bencin kawunsa: manyan bawul masu sheƙi, kamshaf mai tozo kamar na bijimi, da kafireto mai baki biyu.

Uzairu ya ɗauki bawul ɗaya, ya juya shi a tafin hannu.

"Kaya masu kyau," in ji shi. "Na wace mota ne?"

"Haba Kawu. Na motarmu mana."

"Kun sayi wata?"

"Kawu, kowa a tasha ya ce wannan ne maganinta. Alhaji Uba da bakinsa ya faɗa mini girman da zan sayo."

"To kai wa Alhaji Uba ya ɗaura maka."

Ya mayar da kayan cikin buhu, ya tura ƙarƙashin benci da ƙafa. Washegari da sassafe ya sa aka cika motar da buhunan yashi, ya zauna a gaba, ya ce a je. Suka bi ta Tudun Wada, suka ratsa dajin Falgore, suka wuce Riruwai, suka gangara kwari, suka juyo. Uzairu ya lura cewa tun da suka bar kwalta hannun Mujitaba bai wuce giya ta uku ba, a hawan kuwa tsakanin ta ɗaya da ta biyu yake kai da komo, injin yana gurnani a ƙasan murya kamar mai ciwon haƙori. A lanƙwasar ƙarshe ya sake mutuwa. Uzairu ya sauka da kansa ya sa weji a bayan taya, ya tsaya yana kallon gangaren da suka baro.

"Na ji," ya ce. Shi ke nan abin da ya faɗa har suka dawo gida.

Ya sauke injin a cikin rumfarsa. Ya sa sabbin ringi, ya kai ƙaranshaf, babbar sandar da ke juyawa a ƙasan injin, Kano aka gyara masa fuska. Da aka zo kan kayan numfashi, bawul ɗin shaƙa ya bar su a ƙanana, irin na asali, ya zauna a kan kujera 'yar tsugune yana niƙa kowanne a mazauninsa da tafukan hannu har ya zauna ɗas, ya zuba fetur a kai bai ɗiga ba. Na fitar da hayaƙi ya ƙara musu faɗi kaɗan, don injin da ke jan kaya a hawa zafi yake tarawa, yana son ƙofar fita. Kamshaf kuwa, ya shiga bayan rumfa inda yake jibge tsofaffin ƙarafa, ya zaro wani da ya ciro shekarun baya daga motar ɗaukar kaya, mai tozon da ke buɗewa nan da nan ya rufe nan da nan. Ya zaɓi manifol mai dogon wuya, siriri, ya bi cikinsa da samfefa yana shafawa da yatsa har ya daina jin kaushi. Kafireto mai baki ɗaya ya mayar.

Ana cikin aikin Zulaihat ta zo a motar haya, ta tsaya a bakin rumfa da mayafinta a kafaɗa.

"Yaya, ni ban san bawul ba," ta ce. "Na dai san masara ta fara bushewa, kuma tukunyata ba ta jin wani yare sai na lodi. Yaron nan ya ce ka ƙi kayan da ya sayo."

"Na ƙi, Zulai."

"In Alhaji Uba ya ce bai ji ba fa?"

"Alhaji Uba ba shi zai hau Maje ba."

"Amma shi yake riƙe da layi."

Uzairu ya ci gaba da ɗaure noti. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Tun muna yara haka kake," ta juya ta tari mota.

Ranar jin injin, Uzairu ya rufe rumfa ya bi motar zuwa Tudun Wada. Tasha ta cika, don labarin kayan da aka tura ƙarƙashin benci ya zagaya. Mujitaba ya murza makulli. Injin ya tashi a bugu ɗaya, ya kwanta, yana tafiya a hankali kamar keken ɗinki. Direbobi suka dubi juna.

"An tayar kuwa?" wani ya tambaya.

"Amarya ce, kunya take ji," in ji wani ɗan kamasho. Aka fashe da dariya. Sunan ya bi motar tun daga ranar.

Alhaji Uba ya tattare babbar rigarsa ya shiga, ya gyara zama, ya ɗaga ƙafa. Kafin ƙafar ta sauka, Uzairu ya miƙa hannu ta taga, ya kashe motar, ya zare makullin daga ƙarƙashin hannun dattijon.

Har mai shayi ya ɗago kai.

"Alhaji, sabon injin ne," in ji Uzairu. "Ringi bai zauna ba. Ba a daka wa sabon injin totur a tsaye, babu kaya, babu hanya. Kuma ko ya zauna, ba don kuka na gina shi ba. In kana son ka ji shi, a yi masa lodi ka hau mu je Maje."

"Uzairu," in ji Alhaji Uba a hankali, "tun kana wanke wa Jibrin sifana nake jin injin a wurin nan."

"Haka ne, Alhaji. A tsaye kake jin su, su kuma a hawa suke mutuwa."

Wannan kalmar ce ta ɓata komai. Alhaji Uba ya fito, ya karkaɗe rigarsa, ya ce motar da ba a ji ba ba ta lodi a tasharsa, ya shige ofis. Uzairu ya kwanta a ƙasan sitiyari a gaban kowa, ya ɗaura wani ɗan ƙusa a ƙarƙashin totur yadda ƙafa ba za ta iya kai shi ƙasa ba, sannan ya miƙa wa Mujitaba makulli. Mujitaba ya karɓa bai dube shi ba.

Da yamma Zulaihat ta same shi a ƙofar gidanta, ba ta ko bari ya gama shan ruwa ba.

"Ka ƙwace makulli a hannun dattijo a bainar jama'a. Kai ka yi taurin kai, ni zan kwana da yunwa. Haka ake yi, Yaya?"

"Gobe ki shirya ki hau."

"In hau me?"

"Motarki. Ba taki ba ce?"

Ta hau. Lodin da suka samu na wata 'yar kasuwa ce, Asma'u, ɗaya daga cikin matan nan biyu da motar ta silalo da su. Masararta tana jibge a kwari, motocin layi sun yi mata wuya, ta ce ta yarda a ɗauka amma ita da ƙafa za ta hau Maje, ta riga ta ga abin da ta gani. Aka cika motar har sama, aka ɗaure da igiya. A gindin hawan Mujitaba ya tsaya, ya buɗe ƙofa zai fara sauke rabi kamar yadda ya saba.

"Ina za ka?" in ji Uzairu.

"Rage kaya, Kawu."

"Shigo ka rufe ƙofa. Sa ta biyu. Kada ka taɓa giyar nan sai na ce."

Zulaihat tana tsakiyarsu, ta kama hannun rigar yayanta, bakinta yana motsi da addu'a. Motar ta kama hawan. Ba ta yi gudu ba, ba ta yi ihu ba. Muryar injin ta yi kauri, ta tsaya a wuri ɗaya, tsakuwa tana fashewa a ƙarƙashin taya. Suka wuce Asma'u tana haki da takalmi a hannu. A lanƙwasar ƙarshe, inda dutsen da ya tare su yake, hannun Mujitaba ya zabura zai koma ta ɗaya, Uzairu ya buge shi. Motar ta karya kwanar da kayanta duka, ta fito sarari. Zulaihat ta saki rigar, ta dube ta, ta ga ta yamutsa ta.

"To," ta ce. "Na ji."

A kwalta kuwa labarin ya canza. Motar ba ta wuce gudun da aka gina ta da shi, bas-bas suna wuce ta suna danna ham, direbobin layi suna leƙo kai suna tambayar Mujitaba ko amarya ta fara magana. Shi abin yana cinsa. Ya faɗa wa kawunsa a fili cewa an mayar da shi direban jaki. Uzairu ya ce jaki ba ya silalowa da baya.

Duk kakar nan motar ba ta huta ba. Mata 'yan kasuwa suka riƙa tsayawa a bakin titi, nesa da tasha, suna jiran ta, don ita kaɗai take fito da lodi a tafiya ɗaya. Tukunyar Zulaihat ba ta sauka ba. Amma kaka ba ta dawwama. Da masara ta ƙare a kwari, sauran watannin shekara lodin tasha ne, ranar kasuwa, a bi layi, kuma layi yana hannun Alhaji Uba. Dattijon ya aiko ta bakin Mujitaba cewa shi ba ya gaba da marayu, a zo a ba shi haƙuri, ya taka totur kamar yadda ake yi wa kowa, mota ta koma layi.

"Ai yanzu injin ya zauna," in ji Zulaihat. "Ka bar shi ya taka mana."

"Ya zauna, na ma cire ƙusar. Amma in ya taka, ba zai ji kukan da yake nema ba, don ƙofar ƙarama ce. Sai ya ce mota ba ta ci ba, kuma a ganinsa gaskiya ya faɗa. Kin ga an rufe mana baki ke nan."

"To sai yaya?"

"Haƙuri zan ba shi. Na makulli."

Ranar Larabar da ta wuce, da hantsi, Uzairu ya sa fararen kaya, ya karɓi motar a hannun Mujitaba, ya shigo da ita tasha da kansa, ya tsayar a ƙofar ofis. Alhaji Uba yana zaune a benci tare da direbobi. Uzairu ya cire takalmi, ya russuna, ya gaishe shi, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Alhaji, ka girme ni, na zare makulli a hannunka a gaban yara. Wannan ban kyauta ba, ka yafe mini."

"Na yafe," in ji Alhaji Uba. "Kawo makullin."

"Ga shi." Ya miƙa da hannu biyu, amma bai saki ba. "Maganar totur kuwa, Alhaji, tana nan inda na bar ta. Akwai ragowar buhunan Asma'u a kwari. Ko ka tuƙa ko in tuƙa, amma da lodi, kuma a Maje."

"Ka ji shi ko?" Alhaji Uba ya juya ga direbobi. "Wannan ban haƙuri ne ko sammaci?"

"Duka biyu ne, Ciyaman," in ji ɗan kamashon nan.

"In ta silalo da ni fa? Ka san gwiwata ba ta tsalle."

"Ni zan sa weji. In na dawo kuma in rufe rumfata, in koma Kiru noman albasa."

"Kun shaida?"

Aka ce an shaida. Alhaji Uba ya daɗe yana duban motar. Ya miƙe da ƙyar, ya ce a ajiye masa shayinsa, ya ture makullin da bayan hannu.

"Kai ka tuƙa. Ni ba na tuƙa amaryar wani."

Ya cire hula don kada rufi ya buge ta, ya cusa babbar rigarsa ciki, ya zauna a gaba. Uzairu ya rufe masa ƙofa, ya zagaya, ya shiga. Ya murza makulli, bai taɓa totur ba har injin ya kwanta, sannan ya sa giya ta ɗaya ya fita da su daga tasha, ya kama hanyar Riruwai.